Rasuwar Sannu-Sannu, Motar Hedimasta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ya ƙara wa nauyi, Hedimasta mai ritaya da iyalansa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, Sannu-Sannu, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan shekara ashirin da shida tana hidimar gidan.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da kwaɗayin mai. Kullum da safe sai ta yi tari biyu, ƙohol-ƙohol, ta gyara murya, sannan ta tashi. Sau ɗaya tak ta taɓa barin maigidanta a hanya, shi ma laifin batir ne. Ita ta kai uwargida asibiti haihuwar Auta. A kujerarta ta baya ya yi haƙori, a ta gaba ya koyi tuƙi.

Ba tsufa ne ajalinta ba, don bakanikenta ya shaida birkinta lafiya lau yake. Babban yatsa ne ya kashe ta. Auta, ƙato ɗan shekara ashirin da uku, har da digiri, ya are ta zai kai abokinsa tasha. Yana dawowa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya, ido a cinya, marigayiyar ta rungumi turken lantarki, taku biyar daga inda 'yan firamare suke jiran tsallaka titi.

Hedimasta ya daɗe yana ƙyamar wannan ɗabi'a. Samarin yanzu da waya suke cin abinci, da ita suke shiga bayi, kana magana suna "uhm", kai a sunkuye kamar kaza na tsince-tsince. Tir da mutumin da zai kasa haƙurin minti goma, ya jingina ransa da na 'ya'yan mutane a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba.

Ta rasu ta bar safaya taya, da madubi ɗaya, da Auta, wanda yake kwance da karaya biyu a ƙafa, don ita ta tare bugun da ƙirjinta. Ta kuma bar wayar, marar kunya, wadda ta fito ko ƙwarzane babu.

Hedimasta ya ɗauki wayar har gadon asibiti, ya tsare Auta ya buɗe masa ita, don ya ga wace 'yar banza ce ta ɗauke masa hankali, ya taka har gidan ubanta. Saƙon ƙarshe na shi Hedimasta ne da kansa: "Kana ina da motata? Na kira sau biyu. Amsa min yanzu." Kowa ya san dokar gidan, wadda ya taho da ita daga makaranta: in ya kira, a amsa kafin ya rufe baki. A ƙasan saƙon ga amsar da ba a kai ga turawa ba: "Yi haƙuri Baba, ina tu". Tun ranar Hedimasta bai sake zagin samarin yanzu ba, kunya ta hana shi.

Za a ja gawar zuwa wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar da safe, tare da wannan dokar, a sassare su a wuri ɗaya. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar waya a aljihu har su iso. Wanda ya ji kira yana tuƙi kada ya ɗaga, ko da ubansa ne.