Rabin Goro a Ɗaurin Auren Kance

Ko ƙwaƙwalwa ta tsufa ta zubar da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da suna ya kai ni ya baro ni a Kance ba.

Ni dai lakwal, wato makarantar boko, aji uku na yi malaminmu mushe ya sallame ni, amma Allah ya ba ni baki. Kullum da safe sai na bugi gidan rediyo na gaida jama'a, daga Yauri har Icirnawa, har aka laƙaba mini Baba Mai Gaisuwa. Mutane suka ɗauka wanda ke kira kullum ai attajiri ne. (Ɗana da ke cirani a Kano ke turo mini kiredin waya, amma wa ya tambaye ni?)

Aka ɗaura auren jikan yayana, ni ne babban dangin ango. Na ci babbar riga, na zauna gaban sababbin surukai. Kusa da ni Alhaji Idi ne, mai awon wake, wanda kamiyonsa uku, manyan motocin kaya, ke kan hanya. Yana cikin wata koɗaɗɗiyar riga, ko ƙuda bai kula shi ba.

Ana shafa fatiha na ce "amin" da ƙarfi, don a san na zo. Sanƙira ya juyo kamar an tsikare shi.

"Jama'a, wannan murya! Baba Mai Gaisuwa da kansa! Zakaran asuba, mai tashin gari bakwai! Hadari, sa gabanka inda ka so!"

Kai, na ji daɗi. Har na gyara hula, na ɗaga hannu kamar gwamna. Sai ya durƙusa gabana ya shimfiɗa tafi, kowa ya zuba ido.

Na zura hannu aljihun dama: iska. Na zura na hagu, na daɗe ina lalube da fuskar manya, yatsuna suka kamo wani abu. Na dunƙule na cusa masa, ina roƙon Allah ya sa ya jefa aljihu bai duba ba.

Na manta sanƙira ba ya karɓar kyauta a ɓoye, sai ya shelanta ta. Ya buɗe hannu, ya ɗaga sama.

"Baba ya ba da rabin goro! Allah ya ƙara arziki! Ga ma sa hannunsa a jiki, haƙori biyu!"

Uban amarya ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Mata a bayan danga suka rangaɗa guɗa. Alhaji Idi ya matso kunnena, ya ce, "Baba, da ka yi amin ɗinka a zuci irin nawa, da yanzu kana cin goronka."

Tun ranar na gane, mai kuɗi in ya ga maroƙi sai ya dafe aljihu ya zama talaka. Mai suna kuwa, ina zai dafe? Yanzu in na je biki, da ka nake amsa sallama.