Ragon Layya a Firigo

Har yau ina kewar zumuɗin shekarar da kuran na sola, wato wutar lantarki, ya iso ƙauyenmu, kusa da Dungas. Aka sanar cewa da rana wutar araha ce, daga magariba kuwa tsada. Ni da na sayo firigo na sanyaya abinci a Magaria, sai na ga duk garin babu mai dabarata.

Da layya ta zo, matata Hadiza ta ɗora kasko za ta soye naman kamar yadda aka saba. Na ce, "Sauke, suya ta mutanen da ce."

Ta ce, "Malam, naman iyayenmu bai taɓa lalacewa ba."

Ban saurare ta ba. Na cusa ragon a firigo, kullum in kunna da hantsi, in kashe kafin magariba, in tafi masallaci ina koya wa mutane tattali.

Surukata ce ta zo barka da salla, ta toshe hanci da mayafi, ta tambaya ko jaki ne ya mutu bayan danga. Hadiza ta nuna mata firigon kawai.

Har yanzu duk layya maƙwabta kan aiko mini soyayyen nama, su ce, "A gaya wa mai firigo, wannan ba sai an kunna masa ba."