Ranar da na ruga yanka faranti

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da hukumar wasan harbi ta ƙasa ta zo Damagaram zaɓen ƴan wasa ba. Mutum biyu kacal za a ɗauka zuwa Yamai. Na ƙwallafa rai, don na gaji da ciranin Kano. Duk rani dako nake yi a kasuwa, alhali a Matamaye kowa ya san ba na kuskuren zabo. Baba, tsohon maharbin da ya koya mini, har babbar riga ya sa ya biyo ni.

Wani jami'i mai tabarau ya yi mana bayani. Wasan iri-iri ne: akwai na bindigar iska, inda za ka ƙame ka harbi takarda daga mita goma, akwai na ƙaramar bindiga, akwai kuma na farantin yumɓu da inji ke cillawa sama. (Na ce a raina, ai wannan zabo ne marar fiffike.) Doka ɗaya ya yi ta nanatawa: kada kowa ya ƙetare layi sai an gama harbi.

Muka jeru. Na farko ya kuskure. Da aka zo kaina faranti ya tashi, na ɗaga, tau! Ya tarwatse.

To, shekara ashirin Baba na yi mini faɗa cewa in na harbo tsuntsu in ruga in yanka kafin ya zama mushe. Wallahi kaina ya san yumɓu ne, ƙafafuna ne ba su sani ba. Na yar da bindiga, na zaro wuƙa daga ƙugu, na tsallake layi a guje ina "Bismillahi!" Na kusa da ni kuwa ya riga ya saita bindigarsa.

Aka busa usur. Na tsaya tsakiyar fili da wuƙa tsirara.

"Malam, me za ka yanka?" in ji jami'in. "Cire lambarka ka fita."

Kowa ya fashe da dariya ban da Baba. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da motarmu ta iso Kance a hanyar komawa gida, sai Baba ya juyo ya dube ni.

"Gudun dai ya yi," in ji shi. "Da zabo ne, da ya halatta."

Ga ni nan Kano, buhu a ka, Yamai kuwa sai a rediyo. Abu ɗaya na koya: yanzu ko faranti ne ya faɗi a gida, ƙafafuna nake fara riƙewa.