Yadda Za Ki Hana Ɗanki Sauke Dish Daga Kan Rufi

"Hajiya, sau tara a wata biyu! Wane irin dish ne wannan da kullum sai an kira mai gyara?" in ji ɗana Habibu, yana tsaye a kaina da hula a hannu.

Na ce, "Ni na ƙera shi?"

"Ranar Asabar za a sauke shi. Nabiha ta sayo na intanet. Ba faranti, ba mai hawa mana rufi."

"To ka sa a sauke ni tare da shi, tunda tare muka tsufa."

Matar tasa Nabiha tana bayan labule, tana irin tarin nan na mai danne dariya.

'Yar'uwa, in irin wannan rigimar ake yi a gidan da kike zaune, gyara zama. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni Hajara na yi miki alkawari: ɗanki zai gaji, surukarki za ta gaji, dish yana nan daram. A aji uku na tsaya a firamare, amma a wannan fannin ko farfesa sai ya tuɓe takalmi ya zauna.

Mataki na 1: Ki san abin da kike karewa

Ba tashoshi ba ne. Tasha ɗari huɗu ce a dikodar nan, babu wadda ta taɓa gaya min dalilin da ya sa Hajiya Sauda, ta gidan da ke kallon namu, ta kori kukunta.

A Gawuna, inda na yi zaman aure, talabijin ɗaya ce a layinmu, mai fari da baƙi. La'asar na yi yara su cika tsakar gida suna kallon katun, wani abu yana bin wani abu da guduma, mu iyaye muna can ƙarshen tabarma muna namu shirin. Kafin katun ya ƙare kin san wadda ta yi yaji da wanda ya je biko. Nan Nassarawa GRA kuwa katanga kamar ta kurkuku, maigadi kamar an ɗinke masa baki. Maƙwabciyarki sai ta haihu, a yi suna, ke sai ranar yaye za ki ji.

Mutum ɗaya ne yake shiga kowane gida, kuma ya hau sama: mai gyaran dish. Namu Malam Sagiru ne, mutumin Gama, furfura a gemu, tumbi a gaba, ido kamar na shaho. In ya hau rufi ɗaya, tsakar gida huɗu yake gani. Ranar da aka sauke dish, ranar kika kurumce.

Mataki na 2: Ki nemi gora

Dish mai lafiya ba ya kawo baƙo. Ɗauko gorar da ake tsinkar mangwaro da ita. Bayan azahar, masu gida suna ofis, maigadi yana gyangyaɗi, ki hau barandar sama ki ɗan zungure shi. Ɗan zunguri na ce, kamar mai tashin jika daga barci. Farkon koyona na sa ƙarfi, ya juya ya kalli Kaduna, sai da aka sake masa ƙafa.

Sau biyu a wata ya isa. Kwaɗayi ne ya kai ni tara, ga shi ya jawo min Asabar.

In an tambaya, hankaka ne. Hankaka ba ya zuwa ya ƙaryata.

Mataki na 3: Ke za ki zauna gaban talabijin

Gyaran na mutum biyu ne. Shi yana sama yana juyawa, wani yana falo yana duba hoto yana amsa masa ta taga. Kada ki bar wa kowa wannan kujerar.

"Hajiya, ya kawo?"

Ya kawo tun ɗazu, mai karanta labarai har ya kai rabi.

"Bai kawo ba! Juya wajen gidan Sauda!"

"Yanzu fa?"

"Rawa yake yi. Gwada ɓangaren gidan alƙali, kuma ka daɗe."

Sai ya gama gabas da yamma sannan ki ce alhamdu lillahi.

Mataki na 4: Kada ki tambaya, ki dama fura

Mai tambaya shi ake kira magulmaci. Ke dai ki shimfiɗa tabarma a baranda, ki ajiye fura mai sanyi, ki yi ajiyar zuciya ki ce, "Ni fa ba na son maganar mutane." Wannan ita ce sallamar gulma, da ita ake shiga.

"Ai gara haka, Hajiya. Ni ma abin da idona ya gani jiya, da shi za a binne ni."

"Kar ka faɗa, Malam Sagiru. Ƙara fura."

Ludayi uku ya isa. Ashe Sauda da take cika mana baki wai likita ya hana ta maiƙo, a bayan tankin ruwa take laɓewa da kwanon ƙosai. Kukun ya gan ta, ya yi dariya, shi ne aka sallame shi. Gaya min tashar da za ta kawo miki wannan.

Mataki na 5: Abubuwan da na gwada ba su ci ba

Na ce na intanet ba shi da tafsiri. Nabiha ta danna waya, malamai sittin suka jeru, har da waɗanda suka rasu. Na ce rimot ɗinsa ba shi da lambobi, ta ce ai magana ake yi masa ya ji. Na ce dish ɗin nan marigayi babansu ne ya saya, abin tunawa ne. Habibu ya ce, "Hajiya, Baba ya rasu kafin a gina gidan nan."

Hawaye kuwa sau ɗaya suke ci a shekara, ni kuma na riga na kashe na bana a kan tafiya Umara. Ki riƙa tattalin naki.

Mataki na 6: Ki ɗanɗana wa ɗanki

Asabar ta zo. Malam Sagiru ya shigo da tsani a kafaɗa, fuska kamar mai zuwa ta'aziyya. Habibu ya tsaya a kansa don kada a yi wasa.

Na ce, "A sha fura kafin a hau. Ko rago ba a yanka shi da ƙishirwa."

Malam Sagiru ya zauna. Na bari ya yi ludayi biyu, sannan na ce, kamar da bango nake, "Wai gidan shugaban su Habibu na ofis ma kai kake yi musu gyara?"

"Ni ne, Hajiya. Shekaranjiya ma na je. Amma sauke nasu na yi, kaya ake ɗaurewa."

Habibu ya juyo. "Ɗaurewa? Ina za shi?"

"A'a yallaɓai, ni ba na maganar mutane."

"Wa ya ce ka yi maganar mutane? Tambaya na yi."

"To, ina sama dai na ji uwargidan tana waya a tsakar gida, wai an mayar da shi Abuja. Ita kuma kujerar tasa, wai mutum biyu ake dubawa..." Ya leƙa ƙwarya. Fura ta ƙare.

'Yar'uwa, ɗana mai digiri biyu, wanda ko ruwa sai an miƙa masa, da kansa ya tashi ya buɗe firij. Tsani yana jingine har la'asar, ba wanda ya taka shi.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi wannan darasi, ita da Allahnta. In gora ta suɓuce ta fasa gilashin mota, ban san ki ba. In ƙugu ya riƙe a matakala, ba ni na aike ki ba. Ki kuma sani, mai kawo miki na wasu da naki yake biya. Jiya Sauda ta yi min waya tana tambayar yadda mangwaron barandarmu ta sama yake, alhali ko ganye babu a wurin.

Zaman suruka a gidan kuwa ba ya cikin alkawarin da na yi. A ranar Asabar ɗin nan, tawa ta fito da akwatin intanet a kwalinsa, ta same mu mu uku a tabarma, mijinta ya karkace hula yana cewa, "Sai kuma aka yi yaya?"

Ta ce, "Abban Ameera, a haɗa ko kar a haɗa?"

"Ɗan dakata, Nabiha. In aka duba, dish ɗin nan bai yi lalacewar da za a yar ba."

Ta dube shi, ta dube ni. Na duƙar da kai ina jan carbi.

"Malam Sagiru," ta ce, "ga na yau ka kai wa GRA kyauta, ba sai an dama maka fura ba. Ka ce matar Habibu ta tafi Hotoro gidan yayarta, can za ta haɗa abinta ta yi kallo cikin masu hankali."

Ta figi mayafi, ta rungumi kwalinta, ta fice ta bugo mana ƙofa, garam!