Hujjar da Ta Gamsar da Ranka Ya Daɗe

Ranar Litinin muka tashi da jan fenti a jikin shagon ɗinkin Umma. Ƙaton gicciye, irin wanda malamin lissafi ya saba yi min. A ƙasa an manna takarda da Turanci: za a rushe nan da kwana bakwai, sai in mai shago ya kawo dalili "cogent".

Umma ta ciro ta, ta miƙo min. "Kai da ka gama sakandare, me suke so?"

Na duba ƙamus. Ashe kalmar na nufin hujja mai ƙarfi, bayyananniya, wadda mai hankali zai ji ya gamsu. Ba a siffanta mutum da ita, sai magana ko dalili. Na ce madalla, Allah ya ba mu manya masu son hankali.

Takardar ta ce shago ya bar titi da ƙafa goma. Na ɗauki tef ɗin Umma na awon riga, na auna. Ƙafa sha uku. Na rubuta layi huɗu, na kai ofishin ma'aikatar da ta aiko takardar.

Mai karɓar takardu ya juya ta gaba, ya juya ta baya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba ta gamsar ba."

"Yallaɓai, ka karanta?"

"Sai na karanta? Daga riƙewa ma ba ta da nauyi."

Da na dawo na ba da labari, maƙwabcinmu mai aski ya yi dariya har ya ajiye almakashi. "Kai ɗan boko, wa ya ce maka da tef ake gamsar da manya? Ina gaisuwa? Ina kirari? Ka shiga wa mutum ofis da gaskiya tsirara, ko kunya!"

Na sake zama. Shafi uku. Zuwa ga Mai Girma Garkuwar Talakawa, Inuwar Masu Sana'a, Wanda Kwalta Ke Miƙewa In Ta Ji Takunsa. Na yaba ruwan famfon da bai zo ba. Na yi godiya da fitilun titin da ke hutawa. Shagon Umma ya samu rabin layi a can ƙarshe.

Da na kai, aka kira ni ciki wajen shugaban ofis. Ranka Ya Daɗe da kansa ya karanta, yana gyaɗa kai. Ya ce rabonsa da hujja irin wannan ya manta. Ya buga hatimi, ya sa a kwafa a raba wa ma'aikata su koyi rubutu.

Na ce, "To a tsayar da rusau ke nan?"

Ya ce wannan kuma sai Babban Ranka Ya Daɗe ya sa hannu. Shi kuwa ya tafi taron bita na mako biyu kan sauraron koken jama'a.

Kwana bakwai cif, sai ga katafila. Na sha gaban direba, na miƙa masa takardata mai hatimi. Bawan Allah ya karanta har ƙarshe.

"Wallahi ta ratsa ni, ƙanena," ya ce. "Ɗan matsa gefe."

Keken ɗinki yanzu yana ɗakinmu, tsakanin gado da ƙofa. Masu kawo ɗinki na tsallake takalmana su shiga. Umma na ta ɗinkinta, ko kallona ba ta yi. Gara ma ta yi faɗa.

In ka tambaye ni, mai karatu, katafila ce kaɗai ta iya bayani a ma'aikatar nan. Sau ɗaya ta yi magana, ba wanda ya ce ta maimaita.