Wuƙar Silba Da Na Gasa

Saura kwana biyu Babbar Sallah na yanke hukunci cewa wuƙar silba da na sayo a kasuwar Tambuwal ba ta da taurin da ya dace da ragona. Ni malamin kimiyya ne, na kuma kalli bidiyo har uku a waya. Wa zai koya mini ƙarfe?

Na je maƙerar Baba Ummaru a Sanyinna aron wuta. Ya jujjuya wuƙar ya ce, "Malam, wagga ba irin ƙarfenmu ba ta. In ka gasa ta ka tsoma ruwa, tsagewa za ta yi."

Na yi masa murmushin da nake yi wa ɗalibin da bai yi bita ba. Na ja zuga-zugi da kaina har wuƙar ta yi jawur, na tsunduma ta a ruwan randa. Da ta ce "cuu", sai na ji kamar an ƙara mini digiri.

Ranar Sallah an feɗe rago, surukina da ya zo daga Kebbe yana zaune, na ce kowa ya matsa. Sara ɗaya na kai wa ƙashin cinya. Ƙashi ko gezau. Wuƙa ta rabu biyu, tsinin ya faɗa kwanon hanji, mariƙin yana hannuna.

Surukina ya gyara hula ya ce, "Lalle ta yi tauri, Malam."

Har yau, ko cokali ya lanƙwashe a gidan nan, maiɗakina sai ta nuna ni ta ce wa yara, "Ku kai wa Sarkin Maƙera."