Ranar da Na Bi Jiniya a Kakuri

Ni dai ban taɓa yarda cewa cunkoson Kakuri don irina aka yi shi ba. Ran nan na ɗauko maƙwabcina Baba Danladi zan sauke shi wurin aiki a Kudenda, sai ga wasu motoci da jiniya suna keta cunkoso. Nan take na bar layina, na manne a bayan ta ƙarshe, har ina ɗaga wa masu Keke hannu kamar gwamna.

Baba Danladi ya ce, "Malam, ka san ko su wane ne?"

Na ce, "Manya ne, Baba. Gyara zama kawai."

Suka karya kwana, na karya. Suka shige wani ƙaton get, na bi su, sai aka rufe.

Ashe jami'an hanya ne, sun kwaso masu tuƙin ganganci zuwa kotun tafi-da-gidanka. Alƙali ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya kawo kansa ba. Aka duba inshorata, ta mutu tun bara. Aka ci ni tara, aka riƙe motar, muka fito neman Keke.

Har yau ko motar asibiti ce ta wuce, sai Baba Danladi ya leƙo ta katanga: "Ranka ya daɗe, tawagarka ta tafi ta bar ka!"